Lambar yabo da rabon shinkafa sun isa? Wa ke magana da yawun ƙaramin ɗan sanda?

Ɗan Bariki:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, ina so mu tattauna ta a tsanake, ba da zage-zage ba. A watan Afrilun 2024 rundunar 'yan sanda ta yi bikin ba jami'anta lambobin yabo a Abuja, kuma a wurin ne aka ayyana 7 ga Afrilu ta zama Ranar 'Yan Sanda ta Ƙasa, aka fara bikinta a 2025. Muna ganin hotuna: ana duba marasa lafiya kyauta, ana share tituna da kasuwanni, matan 'yan sanda na ƙungiyar POWA suna kai kayan abinci gidajen marayu. Duk alheri ne, Allah ya ba da lada.

Amma ga tambayata. Malamin makaranta yana da ƙungiyarsa, NUT. Likita yana da NMA. Direban mota yana da NURTW. Ɗan sanda kuwa sashe na 11 na dokar ƙungiyoyin ƙwadago ya hana shi kafa ƙungiya ko shiga wata, shi da soja da kwastam da jami'an shige da fice da gandurobobi. To idan aka riƙe wa kurtu alawus, ko ya shekara da shekaru a kofur ba ƙarin girma, ko rufin ɗakinsa na bariki yana yoyo a kan 'ya'yansa, wa zai faɗa wa? Wanda zai kai wa ƙara shi ne mai ikon tura shi wani ƙauyen da ba ya so gobe da safe. Ni a ganina lambar yabo ta mutum goma ko ashirin ba ta maye gurbin baki ga mutum dubbai. Me kuka gani?

Abu Sadiq Rigasa:
Wa alaikumus salam. Malam, ka yi haƙuri, amma ni tausayina ba wajen ɗan sanda ya fara ba. Kowane caji ofis ka shiga za ka ga an rubuta beli kyauta ne, kuma kowa a nan ya san abin da talaka ke fuskanta kafin ya fito da ɗansa. Masu Keke Napep su ba ka labarin shingen hanya. Mutumin da yanzu ma, ba ƙungiya, ya fi ƙarfin talaka, in ka ba shi ƙungiyar da za ta riƙa kare shi, ina za mu sa kanmu?

Maman Iman:
Abu Sadiq ya faɗi abin da ke ran mutane da yawa. Amma duk da haka a bari mu ji ta bakin waɗanda suka sa kakin.

Tsohon Sufeto:
Salamu alaikum. Ni na sa kakin, na cika shekara 35 ɗin da doka ta yanka, na ajiye. Ɗana Abu Sadiq, ba zan ce maka ƙarya kake yi ba. Akwai ɓata-gari a cikinmu, mun san su, kuma su ne suka ja mana baƙin jinin da ko ɗaurin aure ka je sai ka ji ana raɗe-raɗi. Amma bari in nuna maka ɗaya gefen.

Yaron da ya fito daga Kwalejin 'Yan Sanda ta nan Kaduna, wata shida ko fiye yana shan horo, ya fito da niyya mai kyau. Ranar da aka tura shi ofis, sai ya tarar kakin da aka ba shi ba zai kai shi ko'ina ba, sai ya ɗinka wani da kuɗinsa. Takalmi ya saya da kuɗinsa. A teburin karɓar ƙara, takarda da biro wani lokaci daga aljihu suke fitowa. Motar sintiri tana tsaye ba mai, ga kira ya shigo cewa ana fashi a unguwa kaza. Babu wanda ya zaunar da yaron nan ya ce masa karɓi na goro. Yanayin ne ke koya masa a hankali, kuma in ya buɗe baki ya yi ƙorafi, sunansa mai taurin kai.

A lokacinmu an taɓa gwada abin da kuke magana a kai. A farkon Fabrairun 2002, zamanin Obasanjo, ƙananan 'yan sanda suka shiga yajin aiki saboda bashin haƙƙoƙi da rashin ƙarin girma. Gwamnati ta ce wannan tawaye ne, aka fito da sojoji su tsare muhimman wurare, aka kori wasu. Ba a jima ba aka sauke Sufeto Janar Musiliu Smith, aka naɗa Tafa Balogun. An biya wasu kuɗaɗen, an yi ƙarin girma da yawa bayan nan. Abin da ya tsaya mini a rai har yau shi ne, sai da mutane suka jefa aikinsu da rayuwar iyalinsu cikin haɗari kafin a saurari abin da an san da shi tun tuni. Da akwai ƙofar da ake bi a yi magana, da ba a kai can ba.

Alhaji na Kasuwar Bacci:
Yallaɓai, Allah ya ƙara lafiya. Amma wannan labarin naka shi ne hujjata. Mai bindiga ya tafi yajin aiki? A Kaduna? Garin da muka san abin da ya gani a 2000 da 2002 da 2011? Kwana ɗaya aka ce babu ɗan sanda a titi, wallahi ba mai buɗe shago. Malamai in sun yi yaji yara su zauna a gida, likitoci in sun yi a nemi asibitin kuɗi. 'Yan sanda in sun yi fa, wa za a nema? Ni ban yarda da ƙungiya ba ko kaɗan.

Barista A.:
Alhaji, ina ganin an haɗa abu biyu ne wuri guda. Samun wakilci daban, 'yancin yajin aiki daban. A Ingila 'yan sanda sun yi yaji a 1918 da 1919. Abin da majalisarsu ta yi a 1919 shi ne ta haramta musu yajin aiki da shiga ƙungiyar ƙwadago, amma a dokar nan ɗin ta kafa musu tarayyar da ke wakiltar ƙananan jami'ai a kan albashi da yanayin aiki da jin daɗinsu. Har yau tana nan, kuma har yau ba su da ikon yin yaji. A Afirka ta Kudu akwai ƙungiyar POPCRU tun 1989, ta 'yan sanda da ma'aikatan gidan yari, amma doka ta sa aikin ɗan sanda cikin ayyukan da ba a tsayar da su. Ke nan ana iya ba mutum kujera a teburin da ake yanke albashinsa ba tare da an ba shi damar ajiye aiki ba.

Ita ma dokar tamu da Ɗan Bariki ya ambata, ba ta hana kafa kwamitin tuntuɓar juna tsakanin ma'aikata da shugabanni a irin waɗannan hukumomi ba. Sai dai kwamitin da shugaba ne ya zaɓi waɗanda za su zauna a ciki, kurtu ba zai faɗi gaskiyar cikinsa a gabansa ba.

Alhaji na Kasuwar Bacci:
Barista, Ingila daban, nan daban. A nan yau ka ba su ƙungiya, gobe 'yan siyasa sun saye shugabanninta, jibi an raba ta gida biyu, ta Arewa da ta Kudu. Ba mu ga yadda wasu ƙungiyoyin suka ƙare ba?

Barista A.:
Wannan tsoron yana da tushe, ban raina shi ba. Shi ya sa sai doka ta tsara ta: ba ta shiga jam'iyya, ba ta haɗewa da ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, NLC, kuɗinta a bincika duk shekara, kuma ba ta da hannu a shari'ar jami'in da ya zalunci farar hula. Amma a ce don ana tsoron ta lalace kada a yi ta sam, to da wannan ma'aunin ba abin da za mu kafa a ƙasar nan.

Maman Blessing, Sabon Tasha:
Ina gaishe ku duka. Ni matar ɗan sanda ce, mun zauna a bariki, kuma ina cikin masu fita aikin POWA a matakin ƙasa-ƙasa, ba na manyan mata ba. Ina so in yi magana a kan wannan taimakon da ake ganin kamar hoto ne kawai.

Abin da kyamara ba ta ɗauka shi ne wanda ake yi tsakanin ɗaki da ɗaki. A bariki masallaci da coci kusa da juna suke, famfo ɗaya muke layi. Ranar da aka kawo labarin an kashe maƙwabcinmu a bakin aiki a hanyar Birnin Gwari, matarsa Musulma ce, tana da goyo da yara uku. Kafin a gama sallar gawa, mata sun zagaya da kwano. Wannan ta zuba mudun masara, wannan ta kawo manja a kwalbar lemo, wata sabulu, wata ta kwance bakin zaninta ta ciro abin da ke ciki. Har ta gama takaba ba ta hura wuta don rashi ba. Ni na riƙa kai babbar 'yarta makaranta tare da nawa.

Amma ga inda abin yake ciwo. Ɗakin bariki ba gado ba ne, na mai aiki ne. Bayan wani lokaci dole ta tashi, kuma haƙƙin mijinta bai fito ba. Ta yi ta zirga-zirga da fayil a leda, yau a ce wata takarda ta ɓace, gobe a ce mai sa hannu ya yi tafiya. Mu mata muna iya ciyar da ita wata huɗu, ba za mu iya shiga ofis mu ce a fito da fayil ɗinta ba. Wannan aikin mai baki ne, kuma shi ne babu.

Maman Iman:
Allah sarki. Allah ya jiƙansa, ya raya abin da ya bari. Maman Blessing, Allah ya saka muku da alheri.

Abu Sadiq Rigasa:
Amin. Wannan ya taɓa ni, ba zan ɓoye ba. Amma har yanzu tambayata tana nan. Uwar da aka kama ɗanta ba laifi, ita wa ke zagaya mata da kwano?

Tsohon Sufeto:
Tambayarka daidai ce, kuma doka tana gefenka fiye da yadda kake zato. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, wadda Buhari ya sa wa hannu ta maye gurbin tsohuwar ta 1943, ta hana a kama mutum a madadin ɗan'uwansa, ta hana a kama mutum a kan rikicin bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki. Akwai sashen karɓar ƙorafin jama'a da aka buɗe tun 2015, akwai kuma Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda da ke da ikon ladabtarwa da kora. Ku riƙa amfani da su. Ka tuna kuma, matasan da suka fito zanga-zangar EndSARS a Oktoban 2020, cikin buƙatunsu biyar har da a ƙara wa 'yan sanda albashi. Su da suka fi kowa fushi da mu, sun gane cewa yunwar ɗan sanda a kan talaka take ƙarewa.

'Yar Kaki:
Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba, don ina cikin aiki, kuma kun san ba a son mu yi magana a irin nan. Zan tsaya a kan abin da kowa ya sani.

Ku duba dokokin da suka shafi mata. Shekara da shekaru ƙa'ida ita ce 'yar sanda sai ta nemi izini a rubuce kafin ta yi aure, a binciki mijin da za ta aura. Namiji ba a tambayarsa. Kotu ce ta soke wannan a 2012. A da akwai ƙa'ida ta 127 da ta ce 'yar sandan da ba ta da aure in ta yi ciki a sallame ta, alhali namijin da ya yi wa wata ciki yana nan da kakinsa. Kada a fahimce ni ba daidai ba, ba ina kare ɓarna ba ne, addinina ya hana. Ina maganar hukunci ne da ke faɗa wa mutum ɗaya ya bar ɗayan. Ita ma Kotun Ma'aikata ce ta rushe ta a Janairun 2023, bayan wata da aka kora ta kai ƙara. Sai kuma ɗankwali: sai a watan Maris na 2022, lokacin Sufeto Janar Usman Alkali Baba, aka yarda mace ta rufe kanta a ƙarƙashin hula. Kafin nan 'yan mata nawa ne a Zariya da Kaduna iyayensu suka hana su shiga aikin saboda wannan kaɗai? Ga shi kuma mu ake nema in za a binciki mace, ko a shiga gidan matan aure, ko a ɗauki bayanin yarinyar da aka ci wa zarafi.

Ku lura da yadda kowane gyara ya zo. Ko dai wata ta rasa aikinta ta tafi kotu, ko wata ƙungiya ta waje ta shigar da ƙara, ko kuma an dace da shugaba mai sauraro. Babu ko ɗaya da ya zo don mu da abin ya shafa mun zauna da shugabanni mun ce ga damuwarmu. Har yanzu akwai maganar mai shayarwa da aikin dare, da maganar a raba mace da mijinta da canjin wurin aiki. Wa zai ɗauke su?

Malam Na Kawo:
'Yar'uwa, Allah ya tsare ku. Ni ina cikin kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a, wato PCRC, a unguwarmu. An kafa wannan tsarin tun 1984. Muna zama da DPO, muna sasanta rigingimun da ba sai an je kotu ba, wani lokaci mu haɗa kuɗi mu gyara rijiyar burtsatse ko mu sayi taya. Ina jin daɗin aikin, amma wani abu yana damuna a ciki. Idan attajirin unguwa ne ke zuba wa motar sintiri mai, ranar da ɗansa ya yi laifi yaya za a yi? Taimakon jama'a yana da kyau a kan ƙari, bai kamata ya zama shi ne kasafin kuɗin ofis ba. An kafa Asusun Tallafa wa 'Yan Sanda a 2019 don horo da kayan aiki da jin daɗin jami'ai. Mu a ƙasa muna so mu ga sawunsa a caji ofis na unguwa.

Ɗan Bariki:
Malam, ka taɓo wani wuri. Haka nan maganar yabo. A cikin dokar 'yan sanda akwai asusun lada, wanda ake zuba tarar da aka ci jami'ai a ciki, kuma an tanade shi don saka wa wanda ya yi bajinta da taimaka wa matan mamata da 'ya'yansu da hidimar jana'iza. Kurtu nawa ne suka san da shi? Wa ke zaɓen wanda za a karrama? Shugaba ne ke rubuta suna ya tura sama. Sajan ɗin da ya kwana yana tsaron makaranta a ƙauyen Giwa ko Kajuru, wanda ba mai ɗaukarsa hoto, ta ina sunansa zai kai Abuja? Da abokan aikinsa da mutanen garin suna da ta cewa a zaɓen, da lambar ta fi nauyi.

Tsohon Sufeto:
Ɗana, ka bar maganar lamba, zo mu yi ta fansho, don nan ne zuciyar kowane ɗan sanda take. A 2004 aka kawo tsarin fansho na karo-karo. Aka sa mu ciki tare da sojoji. Daga baya aka fitar da sojoji da jami'an tsaro na farin kaya, aka bar mu. A dokar 2014 ana cire kashi 8 cikin 100 daga albashin ma'aikaci, gwamnati ta zuba kashi 10. To wanda albashinsa ƙarami ne duk tsawon aikinsa, me zai taru? Kuma wa ya ce harsashin ɗan bindiga yana bambanta kakin soja da na ɗan sanda?

Abin da ya sa kuka ga tsofaffi da furfura, wasu da sanda, sun tsaya a ƙofar Majalisar Tarayya da hedikwatar rundunar a Abuja a watan Yulin 2025 ke nan, kuma 'yan fansho na nan Kaduna suna cikin na gaba-gaba a wannan fafutukar. Mun samu bakin magana ne bayan mun cire kaki, lokacin da ƙarfi ya ƙare. Yaran da ke cikin aiki suna kallonmu, sun san gobensu suke gani, amma ba halin su ce uffan. Kana tsammanin wanda ya ga ubangidansa na jiya yana neman kuɗin maganin hawan jini zai tsaya a shinge da zuciya ɗaya?

Wani Ma'aikacin Banki:
Baba, da girmamawa, tsohon tsarin ma ba aljanna ba ne. Kowa ya tuna badaƙalar kuɗin fanshon 'yan sanda da ta fito a 2012, biliyoyin da aka wawure, tsofaffi suna faɗuwa a layin tantancewa. A tsarin yanzu aƙalla kuɗinka yana asusu da sunanka. Ni ina ganin gyaran shi ne a ƙara albashi, gwamnati ta ƙara kasonta, a dawo da garatuti mai kauri, ba a koma inda aka fito ba.

Tsohon Sufeto:
Na ji ka, kuma akwai 'yan'uwanmu masu wannan ra'ayin. Ko a fita ko a gyara, ni buƙatata a zauna da masu abin. Ana ta yanke hukunci a kan tsufan mutum shi yana waje.

Alhaji na Kasuwar Bacci:
Ni dai har yanzu kalmar yaji ce ba na son ji. Amma irin wadda Barista ya kwatanta, wadda doka ta ɗaure ta ba yaji ba siyasa, in dai za ta tsaya a kan albashi da bariki da haƙƙin marayu, ba zan yi faɗa da ita ba. Sharaɗina ɗaya: ranar da ɗan sanda ya harbi direba a kan kuɗin shinge, kada in ga ƙungiya ta fito tana kare shi.

Abu Sadiq Rigasa:
Sharaɗin Alhaji shi ne nawa. Kuma a ƙara da cewa duk wanda za a ba lambar yabo, a liƙa sunansa a unguwar da ya yi aiki tukuna, a ji ko akwai mai ƙorafi a kansa.

Maman Iman:
Maman Blessing, ita wannan baiwar Allah da kika ba da labarinta, haƙƙin nata ya fito kuwa?

Maman Blessing, Sabon Tasha:
Wani ɓangare ya fito, saura ana jira. Tana wajen iyayenta yanzu, tana sayar da ƙosai da safe.

Barista A.:
To a gaya mata kada ta haɗa komai a fayil ɗaya ta zauna jira, don hanyoyin daban-daban ne. Akwai kuɗin da ya tara a asusun fanshonsa, wannan wajen kamfanin fanshon ake nema. Akwai inshorar rai ta ma'aikata, wadda dokar fansho ta ce kada ta gaza ninki uku na abin da yake samu a shekara. In yana cikin ƙungiyar adashin 'yan sanda, nan ma akwai ajiyarsa. Za a nemi takardar shaidar mutuwa, da takardar da kotu ke ba magada ta izinin karɓar dukiyar mamaci, da shaidar cewa ita ce ya rubuta a matsayin magajiya. Kowace takarda ta yi kwafi ta ajiye, kada ta miƙa ta asali ba tare da an sa mata hannu an karɓa ba. Maman Blessing, ki turo mini saƙo ta gefe da abin da ke hannunta, zan duba in rubuta mata wasiƙar tuni ba tare da ko sisi ba. Yallaɓai Sufeto, in da hali ka raka ta ranar da za ta kai, kai ka san ƙofofin.

Tsohon Sufeto:
Zan raka ta in sha Allah. Ta zo da lambar aikinsa da sunan ofishin da ya yi aiki na ƙarshe, da su ake fara neman fayil.